Kek-pop a gida: tambayoyin da ake ta maimaita min da amsoshinsu

Tun da na fara yin kek-pop, tambayoyin da ake min kusan iri ɗaya ne, wannan ta ce nata ya tsage, waccan ta ce nata ya zame daga tsinke ya nutse cikin cakulan, wata kuma ta ce mai ne ke tsattsafowa kamar abin yana gumi. Sai na ga gara in tara su waje guda in huta da maimaici. Na fara da tambayoyin 'yan koyo na gangara zuwa na waɗanda hannunsu ya ɗan faɗa. "Ki" zan riƙa cewa don yawancin masu tambayar mata ne, maza masu shiga kicin ku yi haƙuri, har da ku ake.

Wai shi kek-pop ɗin nan mene ne takamaimai?

Kek ne aka gasa, aka bari ya huce, aka murmushe shi, aka sa ɗan kirim ya kama jikinsa, aka mulmula ƙanana, aka soke a tsinke sannan aka tsoma a narkakken cakulan ya bushe. A ido kamar alawa mai tsinke, idan kin gatsa kuma ɓawon ya yi ƙas, cikin ya zo da taushi. Shikenan fa, babu wani sirri.

Dunƙulen kek mara tsinke an daɗe ana yinsa, amma wadda ta ɗora shi a kan tsinke har sunansa ya zaga duniya wata Ba'amurkiya ce, Angie Dudley, wadda aka fi sani da Bakerella, a 2008. A 2011 Starbucks suka fara sayar da shi a shagunansu, daga nan kowa ya san shi.

Me da me zan tanada kafin in fara?

Kek, kirim, cakulan na rufi, tsinke, babban kwano, faranti ko tire mai shiga firij, kofi mai zurfi na tsomawa, da abin da za ki kafa su su bushe. Tsinken shi ne farin nan na takarda irin na alawa, tsawon santimita 10 zuwa 15. Akwai na roba amma santsi gare shi, kek ya fi kama na takarda. Idan kina da ƙaramin sikeli na kicin toh kin huta, za ki ga amfaninsa a amsar girman ƙwallo. Ma'aunin zafi kuwa ba dole ba ne sai idan cakulan na asali za ki yi aiki da shi.

Wane irin kek ya fi dacewa? Zan iya amfani da ragowar wanda ya kwana?

Sosai ma, ai ragowa da yanke-yanken gefen kek su suka fi dacewa da wannan aikin. Kek ɗin da ya kwana ya fi murmusuwa da kyau akan wanda ya fito daga oben yanzu. Abin da za ki kiyaye kawai, idan ragowar tana da kirim a jiki to ki lissafa da shi, kar ki ƙara wani sai kin gwada, duba amsar yawan kirim.

Idan sabo za ki gasa, ga mai sauƙi da ba ya ba da kunya: bota giram 200, sukari giram 200, fulawa giram 200, ƙwai 4, bekin foda ƙaramin cokali 2, ɗan banila. Ki buga bota da sukari su yi haske, ki sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, ki zuba fulawa ki juya a hankali, ki gasa a zafin digiri 180 na ma'aunin Selsiyas, minti 25 zuwa 30, har tsinken sakace ya fito ba danshi. Kek mai bota ya fi wanda aka yi da mai zalla, domin mai ruwa ne ko a sanyi ko a zafi, shi ne daga baya yake bin ƙofa ya fito. Mai tsananin laushi irin na kumfar ƙwai kuma idan kin murƙushe shi kusan ɓacewa yake, ba ya auki.

Yaya ake murmushe shi?

Da hannu, bayan ya huce sarai. Ki yanke ɓawon sama da gefen da ya yi ƙarfi tukuna, ki ba yara su cinye. Sai ki ɓalli guda biyu ki riƙa goga su da juna a kan kwano, za ki ga yana zuba kamar yashi, ki ci gaba da murzawa har ba ki jin wani gudaji a yatsa. Duk gudajin da kika bari shi zai zame miki wurin tsagewa. Kar ki murmushe da ɗuminsa, tururin da ke ciki zai narkar da kirim ya mayar miki da komai taɓo.

Kirim nawa zan zuba? Nawa ya fito kamar ɗanyen ƙulli

Nan ne fa kusan kowa ke faɗuwa a karon farko, ni ma nan na faɗi. Ido yana ganin tulin garin kek sai zuciya ta ce ai wannan sai da kirim mai yawa, a kwashe rabin kwano a zuba, ƙarshe a samu abu mai danƙo, mai nauyi, zaƙi kamar ya cire haƙori, kuma ba zai taɓa zama a kan tsinke ba. Ga kek ɗin da na ba ki a sama, babban cokali 4 zuwa 6 ya kan isa, wani lokacin ma ƙasa da haka idan kek ɗin mai danshi ne. Ki fara da cokali biyu, ki cuɗa da hannu sosai, ki gwada, sannan ki ƙara ɗaya-ɗaya.

Gwajin shi ne: ki ɗebi kaɗan ki damƙe a tafin hannu ki buɗe. Idan ya tsaya da shatin yatsunki, kin mulmula bai warwatse ba, bai bar maiƙo yana ƙyalli a hannunki ba, ya yi, ki tsaya nan. Idan ya ruguje ki ƙara rabin cokali. Idan yana mannewa a yatsa kin wuce gona da iri, maganinsa ki ƙara garin kek, shi ya sa nake ware kamar kofi ɗaya na garin a gefe kafin in fara zuba kirim, in ban buƙace shi ba sai in mayar a ƙarshe. In babu sauran kek, biskit mara kirim da aka daka ya yi laushi zai cece ki.

Wane kirim ake nufi?

Kirim ɗin bota: bota giram 50 mai laushi, garin sukari na aisin giram 100, a buga ya yi sumul. Ana iya yi da cuku mai laushi na shafawa, yana rage zaƙi kuma yana da daɗi musamman da kek na koko, sai dai shi dole firij, duba amsar ajiya. Wasu kuma narkakken cakulan da madara mai kauri suke haɗawa. Wanda ban yarda da shi ba shi ne kirim mai kumfa da ake bugawa ya tashi, ruwa ne da iska, ba ya riƙe komai.

Wane girma zan mulmula, kuma guda nawa zan samu?

Giram 25 zuwa 30 kowanne, faɗin kamar santimita 3 da rabi, ƙasa kaɗan da ƙwallon tebur. Na san idan kin mulmula za ki ga kamar ya yi ƙanƙanta, ki tuna cakulan zai ƙara masa jiki. Wanda ya kai giram 40 ya fi ƙarfin tsinkensa. Kek ɗin da na ba ki zai fitar da kusan 28 zuwa 30, kuma ki tanadi cakulan giram 400 zuwa 500, ba duka zai tafi ba amma kina buƙatar zurfin da ƙwallon zai nutse.

Wajen mulmulawa ki fara matse shi tam a hannu don iskar ciki ta fita, sannan ki juya tsakanin tafuka biyu. Ni sau biyu nake yi, in mulmula sama-sama in sa a firij minti 20, in fito da su in sake bi, a karo na biyu ne suke yin sumul kamar an fitar daga inji.

Firij zan sa ko firiza, kuma na tsawon wane lokaci?

Firij, awa 1 zuwa 2. In kina sauri firiza minti 10 zuwa 15 kawai, ki sa ƙararrawa a waya don mantuwa ba ta da wuya. So ake su yi ƙarfi su riƙe siffarsu, ba so ake su zama ƙanƙara ba. Bayan kin fito da su kuma ba nan take ake tsomawa ba, dalilin yana amsar tsagewa.

Me ya sa nawa ke zamewa daga tsinke ya faɗa cikin cakulan?

Abu huɗu ne, ki duba wanne ne naki. Ko kirim ya yi yawa, ko ƙwallon ya yi girma, ko cakulan ya yi kauri yana janye shi ƙasa, ko kuma ba ki manna tsinken ba, wanda shi ne ya fi yawa. Ana tsoma kan tsinken kamar santimita 1 a narkakken cakulan, a soka shi zuwa tsakiyar ƙwallon, tsakiya fa, kar ya kusa ɓullewa ta sama, sai a mayar firij minti 10 cakulan ɗin ya daskare ya zama kamar gam. In kika tsallake wannan matakin to addu'a kawai ke riƙe da kek ɗinki.

Akwai kuma na biyar, juya shi cikin cakulan kamar ana motsa shayi. Ranar da na fara yi haka na riƙa yi, ina jujjuyawa don ya rufu ko'ina, na ɗago na farko sai tsinke tsirara a hannuna, na sa cokali na tsamo shi, na biyu ma haka, kafin in ankara cakulan ɗin ya cika da ɓurɓushin kek, duk wanda na tsoma bayan nan ya fito da ƙuraje. Sai da na tace shi da rariya. Duba amsar tsomawa.

Wane cakulan zan saya? Na sha da ake sayarwa ko'ina zai yi?

Iri biyu ne. Akwai na asali wanda man da ke cikinsa man koko ne, akwai kuma wanda aka yi musamman don rufi, ana ce masa kwampawun, wani nau'insa kuma kandi melt mai zuwa kamar maɓallai kala-kala. Shi wannan an cire man koko an sa man tsirrai, galibi man alayyadi. Ki juya bayan leda ki karanta abin da aka haɗa, nan za ki gane wanne kika riƙo.

Ga 'yar koyo na rufin nan shi ne, ki narka, ki tsoma, cikin minti kaɗan ya bushe ƙam yana sheƙi, kuma ya fi jure ɗumi. Na asali ya fi shi daɗi nesa ba kusa ba, wannan kam ba musu, amma sai an daidaita masa zafi, in ba haka ba ya ƙi bushewa ko ya fito da dabbare-dabbare, akwai amsarsa a ƙasa. Na sha mai gyaɗa ko alawa a ciki ki bar shi a shansa.

Yaya zan narka shi bai ƙone ba? Nawa ya dunƙule ya yi tsaki-tsaki

In da maikirowef ne, rabin ƙarfi, daƙiƙa 30, ki fito ki juya, ki mayar, haka har ya rage 'yan guntaye, sai ki bar zafin kwanon ya ƙarasa su kina juyawa. Cakulan yana riƙe siffarsa ko ya narke a ciki, shi ya sa ake yaudaruwa a ƙara masa lokaci ya ƙone. In a kan wuta ne, ki sa ruwa kaɗan a tukunya ya yi zafi ba tafasa ba, ki ɗora kwano a bakin tukunyar, gindin kwanon kar ya taɓa ruwan. Farin cakulan ya fi kowanne saurin ƙonewa, da shi a bi a hankali.

Dunƙulewar da kika gani kuwa ruwa ne. Ɗigo ɗaya ya isa, daga jiƙaƙƙen cokali, ko tururi, ko murfin da kika rufe ya tara raɓa ya ɗiga. Cakulan busasshen gari ne na sukari da koko yana iyo cikin mai, da ruwa ya shiga sai sukarin ya jiƙe ya manne da juna, shikenan ya zama curi. Wanda ya yi haka ba ya komawa na tsomawa, amma kar ki zubar, ki zuba masa madara mai ɗumi kaɗan-kaɗan kina juyawa zai saki ya zama miyar cakulan, har kina iya haɗa garin kek da shi maimakon kirim.

Ya narke amma ya yi kauri, da me zan sassauta shi?

Da mai, ba ruwa ba, ba madara ba, ba kuma bota ba don bota akwai ruwa a cikinta. Man kwakwa ko daskararren man girki fari, ƙaramin cokali 1 ga kowane giram 200, ki juya ki gani, ki ƙara in da buƙata. Alamar ya yi: ki ɗaga cokali ya zubo kamar zare ba yankewa, layin da ya bari a sama ya ɓace cikin daƙiƙa biyu uku. In kika cika mai kuma ɓawon zai yi laushi ya ƙi yin ƙas ɗin nan.

Yaya ake tsomawa ya fito sumul?

Ki juye cakulan a kofi mai zurfi mai ƙaramin baki, ba faffaɗan kwano ba. Ki riƙe tsinke ki kifa ƙwallon kai tsaye ƙasa ya nutse har cakulan ya taɓa inda tsinke ya shiga, ki ɗago a tafi ɗaya. In wani gefe bai rufu ba kofin za ki karkata, ba kek ɗin za ki juya ba. Sai ki riƙe shi a ɗan kwance a saman kofin, ki riƙa bubbuga wuyan hannunki da ɗaya hannun, hannunki fa ba tsinken ba, kina murza tsinken a hankali, rarar tana zuba. Da ɗigar ta tsaya sai ki kafa shi.

Ki tabbata wurin da tsinke ya haɗu da kek ya rufu ruf, nan ne ƙofar da mai ke bi. Kuma ki riƙa fito da biyar-biyar daga firij, kar ki kwaso duka talatin su zauna suna jiranki su saki jiki.

Sun fito da kyau, bayan ɗan lokaci sai na ga sun tsage. Me ya jawo?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma ita ta fi cin rai don sai kin gama kin zauna kina kallon aikinki da murna sannan ki ga layi ya ratsa ɗaya, ki waiga ki ga na kusa da shi ma. Bambancin zafi ne. Ƙwallon da ya yi sanyi sosai a takure yake, kin rufe shi da cakulan mai zafi, cakulan ya daskare nan take ya matse, shi kuma kek yana ɗumama yana buɗewa, ɓawo ba ya miƙewa, sai ya fashe. Yawanci waɗanda suka daɗe a firiza ne ke yin haka.

Maganin ki kusanto da su juna. Ki fito da ƙwallayen su sha iska minti 5 zuwa 10, in kin taɓa ki ji sanyi-sanyi amma ba mai cizon yatsa ba. Cakulan kuma ki bar shi ya sauka, in kin ɗiga a bayan hannunki ki ji ɗumi kaɗan kawai. Ni wahalar da na sha a nan ita ce gaggawa, ina ganin in na bar su a waje za su yi laushi su faɗo, sai na riƙa tsomawa daga firiza kai tsaye, na magance faɗowa na sayo tsagewa. Tsakanin biyun akwai ɗan lokaci da komai ke tafiya daidai, bayan kin yi sau biyu uku yatsanki zai riƙa gane shi da kansa. Kar kuma ki gama tsomawa ki jefa su firiza wai su bushe da wuri, a waje za su bushe.

Wanda ya riga ya tsage, ki lakaci narkakken cakulan da tsinken sakace ki cike layin ki shafe da yatsa, ki watsa ado a wurin, ko ki sake tsoma shi gaba ɗaya karo na biyu.

Mai yana tsattsafowa, wani lokacin har kek ɗin na fitowa kamar tsutsa ta ƙaramin rami

Akwai ƙofa a ɓawon, ko kumfar iska da ta fashe ko gindin tsinke da bai rufu ba, kek yana buɗewa sai ya turo mai ko kansa ta nan. Kumfar daga buga cakulan da ƙarfi take zuwa, juya shi ake a hankali, in kin ga kumfa a jikin wanda kika tsoma ki fasa ta da tsinken sakace tun bai bushe ba. In ya riga ya fito, ki goge da tishu ki toshe ramin da ɗigon cakulan. In kuma kullum haka ke faruwa har tsinken na yin rawaya, kirim ɗinki ya yi yawa ko kek ɗin mai ne ya cika, koma amsoshin can sama.

Zan iya sa kalar abinci a farin cakulan?

Ba kowace ba. Kalar ruwa da yawancin masu kauri da ake sa wa kirim da ruwa aka haɗa su, kina ɗigawa zai dunƙule kamar yadda na yi bayani a amsar narkawa. Ki nemi wadda aka haɗa da mai, ta cakulan musamman, ko ta gari mai narkewa a mai. Mafi sauƙi ki sayi kandi melt da kalarsa. Farin cakulan ba fari tas ba ne, yana da ɗan rawaya, don haka shuɗi kan karkata zuwa kore, ki gwada a cokali ɗaya tukuna. Haka ma ƙamshi, mai ruwa ki sa shi a kek, ba a cakulan ba.

Yaushe ake sa ado?

Barbaɗin ado da cakulan na jiƙe, da kin gama kakkaɓe rarar, daƙiƙu kaɗan gare ki. Ki riƙe a saman kwano don abin da ya zuba ya taru. Zane kuwa sai ya bushe: ki zuba cakulan wata kala a ƙaramar leda, ki yanke ƙurya ƙanƙani, ki riƙa kai hannu da komowa kina juya tsinken. Abu mai nauyi kamar ido ko fure na sukari, da ɗigon cakulan ake manna shi bayan ya bushe.

Ba ni da abin kafa su, me zan yi?

Farar kumfar nan da ke zuwa cikin kwalin kayan lantarki, ki naɗe ta da leda. Ko kwali ki kifa ki huda ƙananan ramuka tazarar santimita 5. Ko kofi cike da ɗanyar shinkafa ko sukari. Ki huda ramukan kafin ki fara, ba kina riƙe da mai ɗiga a hannu kina neman abin huji ba. In duk babu, ki ajiye su a kife a kan takardar gashi tsinke na kallon sama, za su yi gindi shimfiɗaɗɗe, wasu ma da gangan suke yin haka don sun fi sauƙin jerawa a faranti.

Ina son yi da cakulan na asali, yaya ake daidaita zafin?

Man koko yana daskarewa ta siga daban-daban, guda ɗaya ce ke ba da sheƙi da ƙas, aikin duka don a samu wannan ce. Ki yanka cakulan ƙanana, ki narka kashi biyu cikin uku har zafi 45, ki sauke, ki riƙa zuba sauran kashi ɗayan kina juyawa har zafin ya sauko: mai duhu 31 zuwa 32, mai madara 29 zuwa 30, fari 28 zuwa 29. A nan za ki riƙe shi kina aiki, in ya fara kauri ki ɗumama na daƙiƙa kaɗan, in ya haura sosai sai an sake daga farko. Gwaji: ki shafa a bakin wuƙa ki ajiye, in ya bushe cikin minti 3 zuwa 5 yana sheƙi ya yi.

Gaskiyar magana idan kicin ɗinki da zafi wannan aikin zai wahalar da ke, yana son ɗaki mai sanyi kamar 18 zuwa 21. Kar ki fara da shi ranar da ake jiran kayan.

Washegari na ga fari-fari a jikinsu, sun lalace ne?

A'a, ana ci lafiya, kyau ne kawai ya ragu. Ko man koko ne ya taso sama saboda ba a daidaita zafi ba ko sun sha ɗumi sun sake daskarewa, ko kuma raɓa ce ta sauka ta narkar da sukarin sama ta bushe ta bar shi. In kin shafa kin ji santsi mai ne, in kin ji gari-gari sukari ne. Na biyun daga firij yake zuwa, duba ta gaba.

Kwana nawa suke yi, kuma zan iya yi tun kafin ranar taro?

Masu kirim ɗin bota, a rufe a wuri mai sanyi ba rana, kwana 2 zuwa 3. A firij kusan mako ɗaya. Masu cuku ko madara firij dole, kuma kar su wuce awa 2 a waje. Ƙwallayen da ba a tsoma ba suna yin wata ɗaya a firiza cikin roba mai murfi, ranar da za ki yi aiki ki sauko da su firij tun dare su saki a hankali. Ni yadda nake raba aikin: yau gashi, gobe murmushe da mulmula, jibi tsomawa, ba na haɗa duka rana ɗaya sai in ba yadda zan yi.

In kin ajiye gamammu a firij, ki shimfiɗa tishu a robar, kuma idan kin fito da ita kar ki buɗe sai ta yi kamar minti 30 a waje, raɓar sai ta sauka a jikin roba maimakon jikin cakulan.

Zan kai su wani wuri kuma ana zafi

Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa da zafin jikin mutum, kin ga mota da aka ajiye a rana ta gama da su. Ki sa kowanne a ƙaramar leda ki ɗaure bayan ya bushe sarai, ki kwantar da su a roba kai da ƙafa, ki sa a kula da ƙanƙara a naɗe cikin tawul kar ta taɓa su. Sai kin isa ki kafa su. A tsaye cikin mota kowane gargada tana sassauta tsinke.

Injin kek-pop ko mazubin roba mai ramuka fa, ya fi sauƙi?

Ya fi sauri, amma abu daban yake fitarwa. Shi ƙullin kek ake zubawa ya gasu a dunƙule, ba murmushe ba kirim, don haka ya fi sauƙin nauyi, zaƙi kaɗan, kuma yana saurin bushewa. Yakan fito da ɗan zobe a tsakiya inda murfi ya haɗu, sai a gyara da almakashi. Manna tsinke da tsomawa duk ɗaya ne. Ni dai na fi son na hannu, amma wanda zaƙi ke gundura zai fi son na inji.

Za a iya ba ƙananan yara?

A cire musu tsinken, a gutsura musu, musamman 'yan ƙasa da shekara 3, yaro da tsinke a baki yana gudu ba abin wasa ba ne, haka ma ƙwallayen ado masu tauri. In za ki ba mutane da yawa ki faɗa musu akwai ƙwai, madara da alkama, kuma yawancin cakulan na da sinadarin waken soya, wasu an yi su a injin da ake sarrafa gyaɗa, yana rubuce a bayan leda.

Waɗanda suka faɗo ko suka fashe sosai fa, zubarwa zan yi?

Haba dai. Wanda ya faɗo ki tsamo shi da cokali mai yatsu, ki ɗora a takardar gashi, ki watsa masa ado ya bushe, ya zama dunƙulen kek mara tsinke, ki sa a 'yar takardar kofi babu wanda zai san da tsinke aka nufe shi. Waɗanda suka ragargaje kuma ki haɗa su da ɓawonsu ki danne a ƙaramin tire kaurin yatsa biyu, ki zuba ragowar cakulan a sama, ya yi awa ɗaya a firij, ki tsoma wuƙa a ruwan zafi ki goge ta tas ki yanka murabba'i. Ragowar cakulan mai tsabta da ba ɓurɓushi ki zuba a takarda ya daskare, ki ɓalle ki ɗaure a leda, zai narku a karo na gaba.